Tsohon babur mai mutuwa a hanya, mai harbi, mai zuƙar mai: yadda ake gano inda ciwon yake

A shekarar 2012 gwamnatin Jihar Yobe ta hana hawa babur saboda matsalar tsaro, kuma sai a 2022 Gwamna Mai Mala Buni ya ɗage dokar a Potiskum da wasu ƙananan hukumomi. Shekara goma ke nan mashina da yawa suna jingine a zaure ko a bayan rumbu. A wannan shekarar ce kuma, ranar 1 ga Yuni, gwamnatin Legas ta haramta achaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, 'yan uwanmu da dama suka ɗora baburansu a kan tirela suka turo gida. Shi ya sa yau idan ka shiga Danchuwa, Bula ko Mamudo za ka tarar da tsofaffin babura iri biyu: wanda zama ya lalata, da wanda wahalar achaba ta cinye.

Kukan da ake yi da su kusan ɗaya ne. Ya mutu da an saki totur, yana harbi kamar bindiga, yana shan mai fiye da ƙima, ko ya ɗauki mutum daga Danchuwa zuwa kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya ajiye shi a tsakiyar hanya. Mu da ke Sabo Ibadan, Agege, Shagamu ko Lokpanta mun san sauran zancen: a bugo waya a ce mashin ya lalace, a turo kuɗin kafireto, bayan sati biyu a ce kwayil ne, can kuma a ce sai an sauke inji. Sau da yawa abin da ke damun babur ɗin bai wuce datti a rami ɗaya ko tsagewar roba ba. Wannan bayani na mai hawa ne, da kuma mai tura kuɗin gyara daga nesa.

Abu huɗu da inji ke buƙata

Injin fetur ba ya tashi sai abu huɗu sun haɗu: mai, iska, wuta a kan lokaci, da matsi a cikin silinda, wato abin da makanikai ke kira kwamfireshan. Duk mutuwa da harbi daga ɗayan huɗun nan suke fitowa.

Mai da iska suna da ma'auni. Idan da nauyi za a auna, fetur kashi 1 yana buƙatar iska kashi 14.7 kafin ya ƙone tas. Aikin kafireto shi ne haɗa su kusa da wannan ma'auni. Idan mai ya rinjayi iska, ana cewa mai ya yi yawa. Idan iska ta rinjayi mai, ana cewa mai ya yi kaɗan, ko an matse shi. Kowanne da alamarsa, kuma maganin ɗaya yana ƙara wa ɗayan ciwo, don haka sai ka tantance kafin ka taɓa sukundireba.

Fara da fulogi

Fulogi ne kaɗai abin da ke zaune cikin wutar inji wanda za ka iya kwancewa cikin minti ɗaya ka duba. Hau babur ɗin ka yi tafiyar kamar minti goma, ka kashe, ka bari ya ɗan huce, sannan ka kwance ka dubi bakinsa.

Idan launin ƙasa-ƙasa ne kamar shayi da madara, haɗin ya yi daidai, sai ka nemi matsalar a wani wuri. Idan baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. Idan baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, wato ringi ko robar bawul sun ci. Idan fari ne fat, ko bakin ya fara cinyewa, mai ya yi kaɗan kuma injin yana zafi fiye da ƙima, wannan shi ne mafi hatsari. Idan kuma ka yi ta kik bai tashi ba, ka kwance ka ga fulogin a jiƙe da fetur, to mai yana zuwa, wuta ce babu ko mai ya cika silinda. In a bushe yake ƙayau, mai ne ba ya isowa.

Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan baburan nan tana tsakanin milimita 0.6 da 0.8. Don gwada wuta, mayar da fulogin cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin fulogi, ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara ita ake so. Ja ko rawaya mai rauni tana nuna fulogi, hula, waya ko kwayil. Kada ka yi wannan gwaji in fetur ya zuba a jikin inji, sai ka goge ya bushe.

Alamomin mai ya yi yawa

Baƙin hayaƙi a salansa, warin ɗanyen fetur, inji yana nauyi yana gurnani idan ka murɗa totur, yana tashi da safe ba tare da cok ba amma da ya yi zafi sai ya fara shaƙewa. Tanki kuma ba ya kai inda ya saba kaiwa.

Abin da ya fi jawo wannan a ƙasar Potiskum shi ne iyakilina da ƙura ta toshe. Hanyoyin ƙauye yashi ne da burji, ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan iska ba ta samun hanya, inji sai ya riƙa zuƙo mai a madadinta. Gwaji mai sauƙi: cire soson na minti ɗaya a wurin da babu ƙura, ka tayar. In ya warware, ka gano ɓarawon. Na soso ana wanke shi da kalanzir, a matse ba tare da murɗewa ba, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa. Na takarda ba a wanke shi, kaɗewa ake yi ko a canja. Kuma kada a ce tunda ya fi gudu babu soso a bar shi haka, yashin da zai shiga kamar samfefa yake ga fistin da ringi.

Sauran dalilai su ne cok da ya maƙale bai koma ba, fulot da ya huje ya cika da mai, allurar fulot da ta ci ba ta rufewa, ko jet da wani ya faɗaɗa da waya. In ka ga mai yana ɗiga ta tiyon ƙasan kafireto alhali babur yana tsaye, allurar fulot ce ko datti ya tokare ta.

Alamomin mai ya yi kaɗan

Wuyar tashi da safe ko da an ja cok, sai an daɗe kafin ya riƙe sulo. Idan ka murɗa totur da sauri sai ya yi kamar zai mutu kafin ya karɓa. Idan ka saki totur, injin ba ya sauka nan take, sai ya tsaya sama yana ihu. Yana zafi sosai, yana tari ta kafireto, yana tas-tas a salansa lokacin gangara. Babbar shaida ita ce cok: in ka ja shi rabi kana tafiya babur ya ƙara lafiya, mai ne bai ishe shi ba.

Dalilansa uku ne galibi. Ko jet ya toshe, ko mai ba ya saukowa sosai daga tanki, ko iska tana satar hanya. Wurin satar shi ne robar da ke haɗa kafireto da kan inji. Zafin rana da daɗewa suna busar da ita ta tsage, wani lokaci ta ƙasa inda ido ba ya gani. Tayar da babur a sulo, ka girgiza kafireton a hankali da hannu. In ƙarar inji ta canja, akwai tsaga ko sukurun sun saki. Wasu makanikai suna fesa maganin wanke kafireto a wurin su saurari canjin ƙara, amma abu ne mai kama wuta, a yi shi a fili kuma kafin inji ya yi zafi.

Yadda kafireto ya raba aikinsa

Wanda ya san wannan ya huta da canje-canjen kaya barkatai. Daga sulo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na totur, ƙaramin jet ne ke ba da mai, tare da sukurun saiti. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da ke jikin silaid ce ke aiki. Daga nan zuwa ƙarshen totur, babban jet ne.

To sai ka lura a ina babur yake gazawa. In sulo ne ba ya riƙewa amma yana gudu lafiya a titi, ƙaramin jet ne, raminsa ƙanƙane ne ƙwarai, shi ke fara toshewa. In a tsakiyar totur yake sarƙewa, allura ce. Yawancin allurorin suna da gaɓoɓi da ɗan kilif: in aka saukar da kilif ƙasa allura ta ɗaga, mai ya ƙaru, in aka hau da shi sama mai ya ragu. In kuma sai ka buɗe wuta a titin Damaturu yake yankewa, duba babban jet da saukowar mai daga tanki.

Wajen wanke jet, a jiƙa shi a fetur mai tsabta ko maganin wanki, a hura iska, a ɗaga shi sama a ga haske ta ramin. Kada a zura masa allurar ɗinki ko wayar birki. Jet tagulla ne mai laushi, da ramin ya faɗaɗa ba ya komawa, babur ya zama mashayin mai har abada.

Mutuwa: lura da lokacin da take faruwa

*Yana mutuwa da an saki totur.* Sulo ya yi ƙasa, ƙaramin jet ya toshe, ko iska tana shiga ta roba. Sulon irin waɗannan injuna yana wajen juyi 1,400 a minti. Ɗaure sukurun sulo har inji ya riƙa ihu ba gyara ba ne, rufe ciwo ne, ga cin mai, ga giya tana shiga da ƙara.

*Yana tafiya kilomita biyu ko uku ya mutu, ka jira kaɗan ya tashi.* Da ya mutu, buɗe murfin tanki ka kasa kunne. In ka ji ya ja iska, ɗan ramin numfashi na murfin ne ya toshe, mai ya kasa sauka. Ana samun haka sosai a wurin masu ɗaure leda a bakin tanki don kada ruwa ya shiga, da masu shimfiɗa buhu a kan tanki. In ba shi ba ne, zare tiyo daga kafireto ka buɗe makunnin mai cikin kwalba. Ya kamata ya zubo a miƙe. In ɗiga yake yi, rariyar cikin tanki ko ta makunnin ta cika da tsatsa.

*Yana mutuwa in ya yi zafi, ba ya tashi sai ya huce.* Nan abu biyu ake zargi. Na farko wuta: kwayil ko CDI da ya fara lalacewa yakan yanke in ya ɗau zafi. Gwada wuta nan take a wurin da ya mutu, kada ka bari ya huce. In babu wuta yana da zafi, ta dawo bayan ya huce, ka samu amsa. Na biyu bawul da ya matse. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, in babu 'yar tazara sai bawul ya kasa rufewa, matsi ya zube. Tazarar a ƙananan injuna tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, gwargwadon samfurin babur, kuma inji na sanyi ake saita ta da ma'auni. Bawul mai ɗan ƙara kaɗan ya fi wanda ya yi tsit lafiya.

*Yana yankewa a gargada ko in an juya kai.* Waya ce ta saki ko ta goge, musamman a wuyan babur, bayan makulli, ko wayar da ke ɗaure a jikin firam. Tayar da shi a tsaye ka riƙa motsa wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

*Yana mutuwa bayan ruwan sama ko wanki.* Ruwa ya shiga hular fulogi ko kwanon kafireto. Wannan ya fi damun masu achaba a Legas da Fatakwal, inda damina ke da tsawo kuma tituna ke cika da ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda jet ke zuƙa. Akwai sukuru a gindin kwanon, sassauta shi ka tara a murfin kwalba, za ka ga ruwan ya dunƙule a ƙasan man.

*Kik ya yi laushi kamar babu komai.* Matsi ya tafi: ringi, bawul ko gasket. In aka ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi kik ya yi tauri, ringi ne. In bai canja ba, bawul ne ko gasket. Wannan kam aikin bakanike ne.

Harbi iri biyu ne

Tambayar farko: ta ina yake harbin, ta gaba ko ta baya?

Harbi ta kafireto, wanda ake ji kamar tari ko atishawa a wajen iyakilina, yawanci ƙarancin mai ne. Haɗin da mai ya yi wa kaɗan a hankali yake ci, har bawul ɗin shiga ya sake buɗewa wuta ba ta gama mutuwa ba, sai ta bi ta baya. Bawul ɗin shiga da ba ya rufewa da kyau, ko tayamin da ya goce, su ma suna kawo shi. Kada a raina irin wannan, domin yana iya kunna wa soso mai maiƙo wuta.

Harbi ta salansa kuma ɗanyen mai ne da bai ƙone a silinda ba, ya fita ya tarar da bututu mai zafi. In ƙananan tas-tas ne lokacin da ka saki totur, duba ƙaramin jet da saitinsa, sannan ka duba gasket ɗin wuyan salansa, domin iska na shiga ta nan ta hura wutar. Baƙin tabo a wuyan shi ne shaida. In kuwa ƙara ɗaya ce mai ƙarfi jefi-jefi, wuta ce ke ɗaukewa tana dawowa: fulogi, hula, waya ko makulli.

Tayamin yana gocewa ta hanya biyu. A injin da ke da sarƙar tayamin, irin Bajaj Boxer da roba-roba, sarƙar tana saki har ta tsallake haƙori, ko a ɗaura ta ba bisa alama ba bayan an sauke inji. Sannan akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe magneto a kan sandarsa, in ya karye wuta sai ta riƙa zuwa ba kan lokaci ba, kik yana dukan ƙafa. In harbi ya fara ne washegarin gyara, a koma wurin da aka taɓa. Tsofaffin Honda masu kwantak kuwa, tazarar kwantak ɗin tana wajen milimita 0.3 zuwa 0.4, in ta canja tayamin ya canja.

Akwai wani dalili na kula da harbi da ya wuce na inji. Mutanen Potiskum sun ga tashin hankali a shekarun baya, ƙarar da ta yi kama da bindiga a bakin kasuwa ko kusa da shingen jami'an tsaro ba abin wasa ba ce. Haka ma a Kudu, inda ɗan achaba Bahaushe ba ya buƙatar abin da zai ƙara jawo ido kansa.

Yadda ake saita sukurun haɗi

Saiti shi ne aiki na ƙarshe. Sai iyakilina ta yi tsabta, fulogi lafiya, bawul a kan ma'auni, roba ba tsaga, sannan a taɓa shi.

Sukuru biyu ne a jikin kafireto. Mai sifirin a waje, wanda ke tokare silaid, na sulo ne. Ɗayan ƙaramin shi ne na haɗi. In yana ɓangaren iyakilina, iska yake sarrafawa: kwancewa na rage mai, ɗaurewa na ƙarawa. In yana ɓangaren inji, mai yake sarrafawa: kwancewa na ƙara mai, ɗaurewa na ragewa. Rashin sanin wannan bambanci ya sa mutane da yawa suna juyawa baibai.

Bari inji ya yi zafi. Ɗaure sukurun a hankali har ya taɓa, kana ƙirga juyin don ka san inda yake da, kuma kada ka matse, bakinsa siriri ne yana karyewa. Dawo da shi juyi ɗaya da rabi zuwa biyu. Tayar, ka ɗan ɗaga sulo. Riƙa juya shi kwata-kwata, kana jiran daƙiƙa goma tsakani, har ka sami inda inji ya fi sauri da santsi. Bar shi nan, ka sauke sulo da babban sukuru. In sai ka ɗaure shi gaba ɗaya, ko ka kwance fiye da juyi uku kafin inji ya daidaita, matsalar ba ta saiti ba ce, jet ne ko satar iska.

Man da kake zubawa

Daga Danchuwa ba kowa ke shiga gari don lita biyu ba, wajen 'yan bumburutu ake saye. Ba duka ne ke da matsala ba, amma jarka da galan suna tara ruwa da yashi, kuma akwai masu gauraye. Ɗaga kwalbar ka duba gindinta kafin a juye, a kuma tace da ƙyalle mai tsabta. 'Yar rariyar roba da ake sawa a tsakiyar tiyo ba ta da tsada, tana kuma hana wanke kafireto duk wata. Gurɓataccen mai yana sa inji ƙwanƙwasa, hayaƙi da wuyar tashi. Gidan mai ma ba a rantse masa ba: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar, motoci suka lalace a Legas da Abuja. Ƙa'idar ita ce, in babur yana lafiya ya fara ciwo bayan an sha mai, a juye man tukuna kafin a kwance komai.

Matse mai don tsimi

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ke neman dabarar rage sha. Sai a je wurin bakanike a ce "matse min shi", ya sauke allura, ya juya sukuru, wani har ya sa ƙaramin jet. Gaskiya ne shan zai ɗan ragu. Amma waɗannan injuna iska ce kaɗai ke sanyaya su, kuma fetur ɗin da ke shiga yana taimakawa wajen rage zafi. A watan Afrilu zafin Potiskum yana haura digiri 40, ga buhun gero biyu a baya, ga yashi. Ƙarshenta bawul ya ƙone, ko fistin ya kama, kuɗin sauke inji ya ninka abin da aka tsimta. Garin neman ƙiba an samo rama. Tsimin da ba ya cutarwa shi ne iskar taya daidai, sarƙa da mai, birki ba ya kamawa, iyakilina mai tsabta, da rufe makunnin mai in an ajiye babur.

Jincheng da sauran masu hayaƙi

Jincheng AX100, wanda aka kwaikwayo daga Suzuki AX100, ba shi da bawul irin na Boxer ko Honda CG125, kuma yana ƙona man 2T tare da fetur. Shuɗin hayaƙi kaɗan a wurinsa ba ciwo ba ne. Matsalolinsa na daban uku ne. Salansa da ramin fitar hayaƙi suna cika da gawayi, babur ya rasa ƙarfi kamar an riƙe shi, sai an kwance an ƙanƙare. Robobin da ke gefen kiranshaf in suka bushe suna shigar da iska, sulo ya riƙa hawa da kansa, babu saitin da zai gyara shi sai an canja su. Na uku famfon 2T: in ya daina aiki fistin zai kama cikin ɗan lokaci. Masu cire famfon su riƙa haɗawa a tanki, su tsaya a kan ma'auni ɗaya kullum, kuma 2T na gaskiya, domin baƙin man mota yana kashe fulogi yana toshe salansa. Ƙarancin mai ya fi yi wa irin wannan inji illa, har rami yake hudawa a kan fistin.

Babur da ya daɗe a ajiye, da wanda aka turo daga Kudu

Fetur in ya daɗe yana bushewa ya bar wani danƙo kamar ƙaro a cikin jet, tankin da ba a cike ba kuma yana tsatsa. Wanda zai tayar da babur da ya yi shekaru a jingine kada ya fara da kik. A juye tsohon mai, a wanke tanki, a canja tiyo da robar kafireto, a wanke jet, a zuba sabon baƙin mai, a ɗiga kaɗan ta ramin fulogi a juya inji a hankali. A leƙa akwatin iyakilina da bakin salansa, ɓeraye da zanzaro suna gida a ciki.

Wanda aka turo daga Legas ko Ibadan kuma, a rufe makunnin mai a zubar da na cikin kwano kafin a ɗora shi a mota, domin in an kwantar da shi mai yana gangarawa cikin inji ya gauraya da baƙin mai. In ya iso a shinshina ma'aunin baƙin mai, in akwai warin fetur a canja. Legas tana bakin teku, Potiskum ta fi ta tudu da mita ɗari huɗu da wani abu, ga zafi, don haka iskar ta ɗan fi sauƙi kuma mai zai ɗan yi yawa. Bambancin bai kai a canja jet ba, kwatan juyi a sukuru ya isa. Ƙura ce babban canjin: soson da ke yin wata biyu a Kudu, a hanyar Danchuwa da rani sai an duba shi duk sati biyu.

Kafin ka tura kuɗin gyara

In an bugo maka daga gida, yi tambaya biyar. Yaushe yake mutuwa, da sanyi ko da zafi? Wane launi fulogi yake? Mai yana zubowa sosai in an zare tiyo? Ta ina yake harbi? Me aka taɓa ko aka zuba kafin ya fara? A turo maka hoton fulogi da ɗan bidiyon ƙarar injin ta WhatsApp, ka nuna wa bakaniken da ka yarda da shi a inda kake.

A bi gyara daga mai araha zuwa mai tsada, kuma abu ɗaya a lokaci guda, don a san wanda ya yi maganin. A ce wa bakanike ya ajiye duk abin da ya cire. Tsohon kafireton da ya zo da babur, in an wanke shi aka sa masa sabuwar allura da gasket, sau da yawa ya fi sabon na araha da jet ɗinsa bai dace da injin ba. Kada a tayar da babur a cikin ɗaki ko shago a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba, kuma a nisanta sigari da murhun mai shayi daga inda aka buɗe kafireto.

Fulogi ɗaya na ajiya, sifanar fulogi, sukundireba da ɗan guntun tiyo a ƙarƙashin kujera sun isa su fitar da mutum daga yawancin abin da ke tsayar da babur a daji. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a abin hawa.